Yatsa Uku na Mai

Makon jiya na shiga motar haya daga Kaura zuwa Zurmi, za ni gaisuwar rasuwa. Na daɗe da barin tuƙi, ido ya ƙi, yanzu sai dai a tuƙa ni. An yi ruwa da asuba, kwalta na ta sheƙi, gero ya kai ƙugu hagu da dama. Da muka zo wata gangara sai direban ya murɗe makulli, inji ya mutu, mota ta ci gaba da silalawa ita kaɗai. Ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan jiƙaƙƙiyar hanya da kukan kwaɗi daga fadama.

Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Lahiya dai, direba?"

Ya ce, "Lahiya lau, Inna. Mai ne yay yi tsada."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Wannan shirun na mataccen inji na san shi, damina guda na yi ina zaune a cikinsa.

Ita ce daminar farko bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, jihar kanta ba ta daɗe da yankewa ba. A lokacin ina da akori-kura fara, wadda ta tsufa tun kafin ta zo hannuna. Ran Alhamis in yi Shinkafi, sauran ranaku Zurmi da Dauran, wani bi har Jangeru in ɗauko awakin fatake. Na kafa katako a tsakiyar bodi, mata ta gaba, maza ta baya, kamar yadda aka ce a yi. Da wannan mota nake ciyar da maiɗakina Kulu da 'ya'yanmu huɗu. Ba ni da gona a Kaura, ba ni da wata sana'a. In taya ta juya mu ci, in ta tsaya mu tsaya.

Yau man yana nan, tsadarsa ce ta fi ƙarfin mutane, hanyar kuma sai da addu'a. A wancan lokaci hanya lafiya lau take, ka bi daji kai kaɗai ba abin da zai same ka sai gaisuwar makiyaya. Man ne babu.

Tun bazara abin ya soma. Gidajen mai suka bushe ɗaya bayan ɗaya. In aka ji ƙishin-ƙishin tanka na tafe, sai gari ya ɗauka, kowa ya garzaya layi. Mota takan yi kwana uku a layi. Ba mai tada inji don ya matsa gaba, turawa muke yi, kafaɗa a jikin ƙofa, hannu guda a sitiyari, ƙarfen ya ɗau rana har sai ka naɗe hannunka da hula. Gumi ya bushe a riga ya zama gishiri. Ga azahar mu yi sahu a inuwar katangar gidan man, kowa na sallah kunnensa na wajen famfo. Sau da yawa saura mota biyar a zo kaina sai mai sayarwa ya ɗaga tiyo sama ya girgiza, alamar ya ƙare. Ba ka da wanda za ka yi wa faɗa. Sai ka tura abarka ka koma gida.

'Yan bumburutu kuwa suna da shi a kwalabe bakin hanya, amma rabinsa kananzir ne, mota ta yi ta tari tana baƙin hayaƙi. Ran Juma'a malamai su yi wa'azi mai zafi kan algus da ɓoye kaya, mu amsa da amin har masallaci ya ɗauka, mu fito mu tarar da famfo yadda muka bar shi. Wasu su ce man ƙetare iyaka yake yi, wasu su ce tun daga kudu ba ya tasowa. Ni dai ban ga komai ba sai busasshen tiyo.

Da na ga samun man ba a hannuna yake ba, sai na koma ga abin da nake zaton yana hannuna, wato in rage wa motar sha. Na kai ta wurin Malam Ɗanjumma, wani dattijon bakanike da ke ƙarƙashin tsamiya bayan tasha. Shi ya san motar tun tana hannun mai ita na farko.

Na ce, "Malam Ɗanjumma, so nike ka koya ma wagga mota azumi."

Ya zagaya ta yana taɓa tayu da ƙafa, ya ce, "Mota awa jaki take, Bawa. Kana iya rage mata harawa, amma ka sani ƙarhinta kaka ragewa."

"Ka dai rage. In munka rayu mu nemi ƙarhi."

Wuni guda muka yi. Ya kwance fulogi ya kankare baƙin da ya daskare musu, ya wanke matatar iska, ya sa aka ƙara wa tayu iska har suka yi tauri kamar dutse, ya ce taya mai laushi ɓarauniyar mai ce. Ya saki birkin baya da ke ɗan kamawa. Daga nan ya buɗe kafireta ya ciro wani ɗan guntun tagulla mai huda kamar ta allura, inda mai ke bi ya shiga inji, ya sa wani mai ƙaramar huda. Tsohon tagullan ya ƙulle shi a tsumma ya jefa aljihu. Ƙarshe ya ce tankina na yoyo ta sama, rana kuma na shanye abin da ke ciki, ga wanda ke kwanciya a gindi famfon motar ba ya iya jawo shi. Sai ya rabu da tankin gaba ɗaya, ya ɗaure farar jarka a bayan kujera, ya ja tiyo daga cikinta zuwa inji.

Tun daga ranar na daina auna mai da galan. Sai in karkata jarkar wajen rana in jera yatsuna a jikinta. Yatsa huɗu ya kai ni Zurmi in na lallaɓa. Warin fetur ya zauna mini a gaban mota, ya kama tufafina, ya kama har tuwon da nake ci. Kullum da ciwon kai nake komawa gida.

Sauran kuma ni na ƙara da kaina. Na sauke duk abin da ke da nauyi: safaya taya, jak, shebur, da katakai biyu da nake shimfiɗawa in mota ta kafe. Na koyi taka totur kamar mai taka ƙwai. Na daina wuce kowa a hanya, ko mai keke ne in ya ga dama ya yi tsere da ni. Kowace gangara tsakanin Kaura da Shinkafi na san ta, na san itacen da zan kai in kashe inji, na san inda zan saki kuloci ta kama da kanta. Ba na tashi sai mota ta cika maƙil, ko da za mu kai azahar a tasha. Fasinja su yi ta mita, wani ya ce da ya san haka ne da ya hau jakinsa. Kuma gaskiya ne, shan ya ragu. Abin da ke kai ni Dauran da can, yanzu ya kai ni ya dawo da ni rabin hanya. Na riƙa jin kaina wani gwani. Sai dai komai ƙanƙantar shan mota, sai da abin da za ta sha. A mako sai in fita sau biyu, wani makon sau ɗaya, wani makon ko ɗaya.

Ruwa ya sauka, ya kuma zauna. Watan da ake cewa marka, sama ta rufe kwana da kwanaki, ga rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya hau. Kulu ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Da safe ta dama ɗan kunu tsararo, da rana yara su bi bayan gari su tsinko tafasa da rama, ta yi kwaɗo da ɗan ƙuli. Icen jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika gida, idanunta kullum jajir. Kananzir ma ya ɓata, muka koma aci-balbal. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Abin da take yi kawai, in na shigo ta dubi hannuna, in ta ga wayam sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta kawo ruwa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wanda ya riƙe mu shi ne yayana Mande. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya zauna a gonar gado a wani ɗan ƙauye bayan Sakajiki, ni na fito birni. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya da yawan magana. Duk bayan kwana goma sai ga shi a kan keke ya ɗauro 'yar dawa a buhu, ya jingine a zaure ya ce wa Kulu, "Ga ta yara." Na san daga bakin nasa iyalin yake ragowa.

Zuwansa na ƙarshe ya tarar da ni gindin mota ina jera yatsu a jarka. Ya tsuguna yana kallo.

"Mi kaka aunawa haka?"

Na ce, "Rayuwata, Yaya. Yatsa ukku ya rage. Shi nika ɓoyo, ko tanka ta zaka in samu na kai kaina layi, in ɗan yi jigila cikin gari."

Na yi ta zuba masa ƙorafi, na layi, na 'yan bumburutu, na yadda ko mutuwa aka yi sai na yi tunani kafin in tada inji. Haka na faɗa, da bakina. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah shi kawo sauƙi." Ya hau kekensa ya tafi, yana cewa maimai, noma na biyu, na jiransa a gonar gero.

Kwana shida bayan nan, da hantsi, ana yayyafi, sai ga Buba a ƙofar gidana. Buba Bafillace ne maƙwabcin Yaya, yana noma yana kiwo, shekara da shekaru suna musayar taki da kara. Ya jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, kekensa ko jinginewa bai yi ba ya sake shi ƙasa.

"Bawa, tashi. Abin ƙasa ya taɓa Mande."

"Yaushe?"

"Yau kwana ukku. Kububuwa ce, wurin maimai. An yi na gida, an sha, an shafa. To daga jiya jini ka hita ga dasashinai, yau har ga hanci."

Na ce, "Kwana ukku, Buba? Kwana ukku ba wanda ya zaka ya hwaɗa min?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ya hana. Cewa ya yi kada a tada Bawa, ba shi da mai."

Ban san lokacin da na zauna a dakali ba. Kulu ce ta fito ta sa mini makulli a hannu.

Yatsa uku, a lissafina, zai kai ni ya dawo da ni in hanya ta bushe. Hanya ba ta bushe ba. Muka jefa keken Buba a baya muka kama hanyar daji. Tafiya ba ta ba mu wuya sosai ba, mota ba kaya, rafin da ke gaban ƙauyen ma muka tsallake shi ruwa iya cinya.

Na tarar da Yaya kwance a tabarma a ɗakinsa. Ƙafar ta kumbura har cinya, ta yi baƙi tana ƙyalli, ɗakin na warin jini da saiwoyi. Matarsa Ige na goge masa baki da tsumma, tsumman ya rine. Ya buɗe ido ya gan ni, ya juya ya dubi Buba.

"Sai da nic ce maka."

Na ce, "Yaya, bari magana. Asibiti za mu."

Muka shimfiɗa katifa a bodi, muka rufa masa leda saboda yayyafi. Ige ta hau kusa da kansa, Buba da maza biyu suka hau ta baya. Kafin mu dawo rafin, ruwan da aka yi a gabas ya iso. Bai yi zurfin da zai hana wucewa ba, amma gangaren fita ya zama laka mai santsi. Na shiga da giya ɗaya, muka tsallake ruwan, muka kama hawa. A tsakiyar hawan motar ta yi nishi ta tsaya.

Na taka totur har ƙasa. Wata shida ina koya wa ƙafata kada ta yi haka, yau na taka, amma babu abin da ya zo. Injin ya yi ta kuka siriri kamar akuya mai mura. Tayun da aka cika wa iska suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami. Na sauko in ɗauko katakai da shebur, sai da na kai hannu bayan bodi na tuna suna jingine a zaurena a Kaura.

Muka sa hannu muna ƙwaƙular laka. Muka karyo rassan sabara muka cusa. Mazan suka tura, na taka, laka ta wanke musu fuska, mota ta ƙara nutsewa. Duk takawa ɗaya ina jin jarkar a bayana, ina jin tiyon na zuƙa. Na waiwaya, yatsa ɗaya da rabi. Na sake waiwayawa, ɗaya.

Buba ya ce, "Kashe ta, Bawa. Kashe ta, ina zuwa."

Ya koma da gudu ta cikin ruwan. Muka zauna jira. Yayyafi na bugun leda, Ige na karanta abin da ta iya, ni ina tsaye cikin laka, ba abin da zan iya yi. Mota tawa ce, makulli na hannuna, ɗan'uwana na zubar da jini taku biyu daga inda nake, kuma ba abin da zan iya yi. Can sai ga Buba da bijimansa biyu na huɗa da igiyar rijiya. Ya ɗaura a gaban mota, ya yi musu magana da Fillanci a hankali kamar mai lallashin yara. Suka sunkuyar da kai suka ja. Sau biyu igiya na tsinkewa. A na uku muka fito.

Rana ta riga ta karkata. Na lallaɓa, ina kashewa a duk 'yar gangara, ina roƙon Allah a duk hawa. Muna hango rufin kwanon Kaura daga nesa injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na ciro jarkar na karkata ta, na girgiza, na busa tiyo. Ko ɗigo.

Mutanen da ke gonaki bakin hanya suka ɗago. Wani ya tambayi abin da ya faru, Ige ta ɗaga ledar ya gani. Ya yar da fartanya ya kira na kusa da shi. Haka aka yi ta tura mu, waɗannan su kai iyakar gonarsu su yi kira, na gaba su karɓa. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba har yau. Ina riƙe da sitiyari ina jin numfashinsu a bayana da ƙarar ƙafafunsu cikin taɓo. Da la'asar sakaliya muka shiga gari, har ƙofar asibiti.

Likitan da ya duba shi ya buɗe masa ido, ya dubi dasashi, ya ja ni gefe. Ya ce maganin wannan dafin ba a nan kusa yake ba, sai Gusau, kuma kada a kwana. Ya yi masa allura ya ɗaura ruwa, ya ce Ige ta riƙe jakar sama.

Gusau. Na fito bakin ƙofa na tsaya ina maimaita sunan kamar ban taɓa jin sa ba. Garin da nake zuwa in dawo kafin azahar.

Na ɗauki jarka na nufi tasha a ƙasa, da gudu, laka ta bushe a jikina. Motoci na jere kamar matattu, direbobi na zaune a rumfa. Na faɗa wa sarkin tasha, wani dattijo da muke kira Baba Labbo. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki jarkata da guntun tiyo ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya.

"Jama'a, ɗan'uwan Bawa na kwance, sai Gusau. Kowa ya san abin da ya ɓoye. Ban ce ku ba da duka ba."

Kowa a wurin yana da yara a gida, kowa abin da ya ɓoye shi ne tuwon gobe. Sai wani direban Shinkafi, wanda ko gaisawa ba mu cika yi ba tun wata rigimar lodi, ya tashi ya buɗe tankinsa ya zura tiyo ya zuƙa da baki. Ya tofar, ya tara kwalba guda. Daga nan aka ɓalle. Wannan ya kawo rabin kwalba, wancan ya tafi gida ya dawo da gwangwani a ƙarƙashin riga. 'Yan kabu-kabu suka kwantar da baburansu suna tatsa. Wani ɗan bumburutu ya zo da kwalba biyu ya ce, "Wagga ba gami cikinta, wallahi," ya juye ya tafi. Mai kala-kala, wani ja wani fari, tasha duk ta ɗau wari, kowa leɓensa ya yi fari da fetur. Baba Labbo ya jera hannunsa a jikin jarka ya ce, "Taƙi guda da 'yan kai. Ya kai ku."

Malam Ɗanjumma ya riga ya isa wurin motar. Na tarar ya buɗe kafireta, ya kwance tsumman nan daga aljihunsa yana maida tsohon tagullan. Ya rage wa tayu iska. Bai dube ni ba, ni ma ban iya duban sa ba. Da ya gama ya karɓe makullin daga hannuna.

"Hau baya wurin ɗan'uwanka. Ni ka tuƙi."

Ruwa ya ɗauke, rana ta fito ja ta yamma, ƙasa na tururi. Motar ta yi gudun da na manta tana da shi. Na ɗora kan Yaya a cinyata, Ige na riƙe da jakar ruwa, hannunta ya gaji ta sauya wani. Jikinsa ya yi sanyi, leɓensa sun bushe. Wani lokaci ya buɗe ido ya dubi sama, ya dube ni.

"Ina kas samu mai?"

"Mutane sunka tara, Yaya."

Ya ce, "Allah shi biya su." Can kuma ya ce, "Maimai bai ƙare ba. Kunya bakwai ta rage, wajen tsamiya."

"Ni ƙarasa ta."

Ya ɗan yi murmushi, jini a haƙoransa. "Kai? Ka iya riƙon kalme?"

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Bayan ta sai kalmar shahada, Ige na faɗa yana bi, har ya daina bi. Mun yi kamar rabin hanya. Na daɗe ina riƙe da shi, mota na ta gudu, iska na kaɗa ledar. Ige ce ta sauke jakar ruwan a hankali ta ajiye a kan katifa. Sa'annan na miƙa hannu na buga rufin gaba.

Malam Ɗanjumma ya tsaya ya fito ya leƙa. Ya cire hularsa ya mayar, ya yi salati. Muka rufe shi da zanen Ige. Ya koma ya juya motar. Man da aka tara don a kai shi, shi ya maido shi gida, har ƙofar ɗakinsa, bai yanke ba. Da safe aka yi masa sutura.

Ba wanda ya ce mini komai, ba a lokacin ba, ba bayan nan ba. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma na sha zama ina jera abin a raina: da ban sauke katakan ba, da ban canza tagullan ba, da na rufe bakina ran da ya zo da dawa. In na kai ƙarshe in sake komawa farko. Kunya bakwai ɗin nan ni da Buba muka nome ta, hannuna ya yi kanta ya fashe, shi yana gaba yana jirana a bakin kowace kunya.

Gero ya soma fitar da kai sa'ad da tankoki suka dawo, uku rana ɗaya, ba sanarwa, ba dalili, kamar yadda suka ɓace. Ko layin kirki ba a yi ba. Malam Ɗanjumma ya liƙe tankina ya maida tiyo wurinsa, aka cika shi har ya tumbatsa a ƙasa, mai sayarwa na ta raha yana cewa wahala ta ƙare. Na fito bakin titi, 'yan kamasho na kirana, ga fasinjan Zurmi sun taru. Na wuce su. Na kama hanyar Sakajiki ni kaɗai, mota wayam, na taka totur yadda ta ga dama. Rafin ya janye, na haye gangaren ko giya ban canza ba. Tafiyar da ta ci mana daga hantsi zuwa la'asar, na yi ta kafin mai shayi ya tafasa ruwa.

Na tsaya a ƙofar gidan na kashe inji. Ige na cikin takaba, ba ta fito ba, ta bayan zana ta yi mini sannu da zuwa. Muka gaisa, na tambayi yara, ta ce suna gona wajen korar tsuntsu.

Ta ce, "Ka samu mai, Bawa?"

Na ce, "Na samu."

"To, madalla."

Ta turo mini ƙwaryar ruwa ta ƙarƙashin zanan. Na zauna a zaure na riƙe ta a hannu, ban sha ba.